Littafin aikin agajinmu bayan ambaliya

14 ga Agusta, kwana 3 da shigowar ruwa

Na ce bari in dinga rubuta abun nan duk sanda na samu sarari, don waɗanda suka turo gudunmawa sai tambaya suke a guruf ina aka kwana, ni kuma ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, caji ma sai na je wajen mai sola nake samu. Mu 9 ne a kwamitin kuma babu wanda ya taɓa aikin agaji in ka cire nas ɗinmu da ta taɓa yin wata 6 a wani sansani, sauran daga malamin makaranta sai tela sai direba, ni kuma aka haɗa ni da littafi da biro wai rubutuna yana karantuwa.

Mutanen suna makarantar firamaren da ke kan tudu. Ruwan cikin dare ya shigo wajen ƙarfe 2, kuma duk wanda na tambaya wa ya fito da kai sai ya ce maƙwabcina, ko yaron gidan wane, wani a kan ƙyauren ƙofa aka janyo uwarsa, wasu jarkoki suka ɗaure da igiya suka ɗora yara. Kafin motar agaji ta farko ta iso an riga an gama ceton da za a iya. Nas ta ce haka yake ko'ina, ko girgizar ƙasar Kobe ta Japan a 1995 da ta kashe mutum sama da 6,000, yawancin waɗanda aka zaƙulo da rai daga ƙarƙashin gini 'yan uwa da maƙwabta ne suka zaƙulo su, ba masu kayan aiki ba.

Kuskurenmu na farko yau muka yi shi. Mun zo da kaya a mota muka buɗe baya muka fara miƙawa, minti 10 ba a yi ba abun ya koma wawaso, samari masu ƙarfi suka kwashe, wani na gan shi da tabarma 4 a ka, tsofaffi da masu goyo suna gefe suna kallo. Wallahi kunya ce ta dawo da ni gida.

16 ga Agusta

Mun tsayar da rabo gaba ɗaya sai an yi rajista. An zage mu, an ce mun fara ɓoye kaya, mun dai shanye zagin.

Wani dattijo ne ya cece mu, yana zaune bakin aji na 4 da sandarsa, ya kira ni ya ce ɗana zo nan, wannan layin da ka sa aka yi ba zai ba ka gaskiya ba, wanda ke kan layi mai ƙafa ne, ka bi aji aji ni zan gaya maka wane ne wane. Na ce to Baba mu je. Haka muka wuni, yana gaba ina baya, ya san gidan kowa, ya san wadda mijinta ya rasu bara, ya san yaran da ke hannun kakarsu. Ma'aunin da muka tsayar shi ne duk waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya gida ɗaya ne, kati ɗaya, da lamba. Mun samu gida 112, mutum wajen 600. Mun kama wani ya rubuta kansa sau 3 da suna daban daban, Baba bai tona shi a gaban mutane ba, kawai ya ce masa kai ba ɗazu na gan ka a aji na 2 ba, shikenan ya sulale.

Wadda ta tsaya min a rai wata mata ce da ba ta zo ko kusa da rabo ba tun ranar farko, tana bayan ofishin hedimasta da 'ya'yanta 3. Na ce Yaya me ya hana ki zuwa, ta ce ita da take bayarwa yau ita ce za ta tsaya a layi ana kallonta? Tun daga nan muka yanke cewa irin su a kai musu har inda suke bayan magariba, ba hayaniya.

18 ga Agusta

Yau maganar ruwa da banɗaki ce, kuma zan ɗan ja ta don a nan kuɗinku zai fi tafiya, na san ba shi da daɗin hoto.

Nas ta zaunar da mu ta yi mana lissafi da ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji da Red Cross suka fara tsarawa a 1997. Mutum ɗaya aƙalla lita 15 a rana, sha da girki da tsafta. Mutum 600 ke nan lita 9,000 kullum, mu kuma tankar da ke zuwa ba ta kawo rabin haka, wata rana ma ba ta zuwa sam saboda hanya. Banɗaki kuma ɗaya ga mutum 20, a kwanakin farko ana iya haƙuri da ɗaya ga 50, to mu makarantar 4 gare ta, biyu sun cika sun tumbatsa, ka lissafa da kanka. Da safe in ka zagaya bayan katanga sai ka toshe hanci, kuma duk ruwan sama da aka yi abun nan gangarawa yake inda yara ke wasa.

Mun fara haƙa ramuka 8, samarin da suka yi wawaso ranar farkon rabo su ne yau da diga da shebur, ba wanda ya roƙe su. Dokar ita ce rami ya yi nisan mita 30 daga duk wata rijiya, kuma gindinsa ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa, wannan ta biyun ce ta ba mu wahala don ƙasa a jiƙe take, ka haƙa kaɗan ruwa ya ɓulɓulo, sai da muka koma can ƙarshen filin ƙwallo. Na mata daban, da sakata ta ciki da fitila, matan ne suka ce in ba fitila ba mai zuwa da dare, mu maza ko tunaninsa ba mu yi ba.

Ruwan sha kuma ƙwayar klorin muke sawa. In ruwan ya yi dauɗa sai an bari ya kwanta an tace da tsumma mai tsabta tukuna, don laka tana cinye ƙarfin maganin, sannan a jira minti 30 kafin a sha. Matsalar wari ne, wasu sun ce ruwan yana warin asibiti ba za su ba 'ya'yansu ba, har an fara raɗe-raɗin wai wani abu muke sawa. Ban yi gardama da kowa ba, na ɗebi kofi a gaban layi na shanye, direbanmu ya sha, Baba ya karɓa ya sha ya ce ɗaci ne dai amma na kabari ya fi, aka yi dariya aka fara miƙo jarkoki.

Abun da ke hana nas barci kwalara ce. Ta ba mu labarin Haiti, girgizar ƙasa 12 ga Janairu 2010, sai a watan Oktoba kwalara ta ɓarke ta kashe kusan mutum 10,000, kuma daga najasar sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya ta shiga kogi, Majalisar Ɗinkin Duniya sai 2016 ta nemi afuwa. Wato waɗanda suka zo taimako. Tun da na ji wannan na sa aka ajiye bokiti da sabulu a inda mu 'yan kwamiti muke raba kaya, mu fara wanke namu hannun.

21 ga Agusta

An samu gawa 2 a cikin ciyayi da ruwa ya fara ja. Allah ya jiƙansu. Hankali ya tashi wasu suna cewa a rufe su nan take kar annoba ta tashi. Nas ta tsaya kai da fata ta ce wanda ruwa ya ci ba cuta ce ta kashe shi ba, gawarsa ba ta haddasa annoba, mai ɗauka dai ya sa safar hannu ya wanke jiki, kuma a nesanta da ruwan sha. Ko a Derna ta Libiya da madatsun ruwa 2 suka ɓalle a Satumba 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya da Red Cross roƙo suka yi a daina gaggawar binne mutane a rami ɗaya ba a tantance su ba. Mun sanar da hukuma, an ɗau hoto, an rubuta kayan jikinsu, kafin la'asar 'yan uwan ɗaya suka gane shi da zoben hannunsa. Ɗayan har yanzu shiru.

25 ga Agusta

Don Allah don Annabi a dakata da turo tsofaffin kaya. Na san da zuciya ɗaya ake yi, amma aji guda yanzu ya cika da buhunan tufafi har rufi, ajin da iyali 5 za su kwana a ciki, kuma mutum 3 cikinmu kwana biyu ba abun da suke sai tsincewa. Mun ga takalmi ƙafa ɗaya, mun ga rigar sanyi mai kauri, mun ga magani da ya shekara da lalacewa. Abun da ake ta tambayarmu kuma babu shi, sabulu, bokiti mai murfi, gidan sauro, audugar mata, tamfol. Audugar matan ma sai da telarmu ta shiga ajin mata ita kaɗai ta rufe ƙofa sannan aka faɗa mata, mu kwana 10 muna tambaya me kuke buƙata ana ce mana ba komai.

Wani bawan Allah ya kawo katan katan na madarar jarirai ta gwangwani, mun gode masa amma ba mu raba ba, tana hannun nas. Inda ruwa bai da tabbas kuma ba wajen tafasa kwalba, ka ba uwa mai shayarwa gwangwani ta daina ba da nono to gudawa ka kawo wa jaririn. Sai wanda ba shi da uwa ko ba ta iya shayarwa, shi ma nas ce ke nuna yadda za a haɗa da kofi.

Wanda zai iya ya turo kuɗi ya fi. Kasuwa ta fara ci, abun da ake so akwai shi kusa, ba kuɗin mota ba kuɗin dako.

29 ga Agusta

Daren jiya ban runtsa ba. Wajen ƙarfe 1 matar nan ta bayan ofishin hedimasta ta zo da ƙaramin ɗanta a kafaɗa, gudawa tun yamma, idonsa ya faɗa, nas ta tsunkuli fatar cikinsa ta saki sai fatar ta tsaya ba ta koma da wuri ba. Fakitin ORS ɗinmu, haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, ya ƙare tun shekaranjiya. Ta ce in kawo ruwa mai klorin lita ɗaya cif, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe ba tozo, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ta ɗanɗana ta ce kar ya fi hawaye gishiri. Ta miƙa wa uwar cokali ta ce Yaya ke za ki ba shi, kaɗan kaɗan, in ya yi amai ki jira minti 10 ki ci gaba. Ni aikina riƙe tocila. Haka muka zauna tana ɗura masa cokali cokali, ba mai magana, sauro yana cinmu, sai gab da asuba yaron ya yi fitsari, nas ta sauke ajiyar zuciya ta ce to yanzu kam. Da gari ya waye direba ya kai su asibiti a duba ko kwalara ce, aka ce ba ita ba ce, aka ba shi zinki na kwana 10 zuwa 14.

Da suka dawo uwar ta zo ta ce a ba ta aikin sa klorin a bakin tanki. Na ba ta. Ta fi mu tsanani, ba mai ɗibar ruwa da jarka mai datti a gabanta.

5 ga Satumba

Baƙi sun zo da kyamara, ba zan faɗi daga ina ba. Suka jera yara aka ba kowa leda ya riƙe aka ɗau hoto, sannan ɗaya ya durƙusa gaban wani mutum da 'yarsa ta tafi a ruwa yana ce masa ba mu labarin yadda abun ya faru. Mutumin nan tun da muka zo bai fi kalma 10 ba, kullum yana gindin bishiya. Raina ya ɓaci, na yi magana da zafi, wataƙila ma na wuce gona da iri. Yanzu mun sa doka, ba hoton fuskar kowa sai da izininsa, yara kuma sai da izinin iyaye.

Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 kan taimakon farko ga wanda hankalinsa ya girgiza abu 3 ne, ka duba, ka saurara, ka haɗa shi da abun da yake buƙata, kuma ba a matsa wa mutum ya maimaita abun da ya gani. Baba bai taɓa jin wannan ba amma shi yake yi, kullum da yamma sai ya ja tabarma ya zauna kusa da mutumin, ba ya ce masa komai in ba sannu ba. Jiya na ga mutumin ya tashi ya kama wa masu haƙa rami igiya.

17 ga Satumba

Kwana 12 ban rubuta ba, zazzaɓi ya kwantar da ni, kuma ba ni kaɗai ba. Ruwa ya ja ya bar kududdufai ko'ina sauro ya samu gida. Haka aka yi a Pakistan a 2022, ambaliyar ta shafi mutum miliyan 33 ta kashe sama da 1,700, bayan ta wuce kuma zazzaɓin cizon sauro ya ninka sau da yawa. Gidan sauron da muka saya masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 muka fara ba.

An fara komawa duba gidaje. Na bi wasu, laka har gwiwa a tsakar ɗaki, bango ya sha ruwa ya yi fumfuna, wani ka taɓa shi da hannu yana motsi. Abun da muke ta nanatawa, kar a taɓa waya ko soket sai mai wuta ya duba, kar a shiga laka ba takalmi don ƙusa da kwalba da macizai, wanda ya yanke ya zo a yi masa allurar tetanus, kar a kunna janareto cikin ɗaki. Rijiyoyi duk ruwa ya hau kansu ya haɗe da masai, mun sa musu jan fenti, sai an kwashe an wanke an zuba klorin mai ƙarfi an sake kwashewa. Mun gama 3 cikin 11.

Wani malami na same shi ya baje takardunsa a rana yana ɗaga su ɗaya ɗaya da tsinke, shaidar karatu da takardar gida duk tawada ta narke. Wannan ban sa shi a lissafi ba ko kaɗan, yanzu mun buɗe shafi na waɗanda takardunsu suka lalace, malamin makarantarmu zai dinga raka su ofis ofis.

2 ga Oktoba

Gudunmawa ta tsaya cak. Makon farko waya ba ta hutawa, wannan makon alat 2 kawai na gani, kuma yanzu ne ake buƙatar manyan kuɗi, kwano da katako da siminti. Ba ƙorafi nake ba, duniya ta koma wani labarin.

Ana so a buɗe makaranta, kuma da gaskiyarsu, yara sun yi wata ɗaya da rabi ba karatu. Saura gida 31 da ba su da inda za su koma. An ba da wani fili na wucin gadi aka ce a yi ƙuri'a a raba rumfuna, a takarda adalci ne, amma na ƙi. A Kobe da aka raba gidajen wucin gadi da ƙuri'a aka raba tsofaffi da maƙwabtansu, an yi ta samun waɗanda suka mutu su kaɗai a ɗaki ba wanda ya sani sai bayan kwanaki. Na kawo littafin rajista na ce a zaunar da su layi layi yadda suke a unguwa, wanda ya san wa ke shan maganin hawan jini ya kasance a kusa da shi. Mun yi sa'insa da direbanmu har ya yi fushi ya tafi, ya ce na mai da kaina shugaba. Gajiya ce, kowa a ƙule yake. Da dare na kira shi na ba shi haƙuri, ya ce shi ma ya yi kuskure amma fa gobe ba zai fito ba zai yi barci. Mun tsara kowa ya dinga hutun kwana ɗaya a mako, da tun farko muka yi.

20 ga Oktoba

Ragowar kuɗin mun raba wa gida 31 ɗin nan a hannu, a gaban shaidu 2 kowa ya sa hannu ko ya dangwala, hoton shafukan da rasit duk suna guruf ga mai son dubawa. Wasu cikinmu sun ji tsoron za a kashe a banza. Na bi gida 10 bayan mako ɗaya, yawanci kwano suka saya, ɗaya ya gyara keken ɗinkinsa, wata ta biya bashin magani, ɗaya kam ban gane inda ya kai nasa ba kuma ban matsa ba. Rufin kuma su suka tsara abunsu, yau a taru a gidan wannan gobe na wancan, sun fara da na matar klorin.

Rijiya 8 cikin 11 an gama. Gawar nan ta biyu har yau ba a samu danginta ba, hoto da bayanin suna wajen hukuma.

Baba ne ya kawo maganar baɗi, ya ce ɗana ruwan da ya san hanya zai dawo. Sai nas ta kawo misalin Bangladesh, guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta 1991 kusan 138,000, ta 2007 dubu 3 da wani abu, kuma babban abun da ya canza shi ne gargaɗi da wuri, da gine-ginen fakewa a sama, da 'yan sa-kai masu bin unguwa da lasifika. Mu ba mu da kuɗin gini, amma mun kafa sanda mai fenti a bakin rafi, ja a sama, mun zaɓi mutum 2 a kowane layi da za su buga ƙofofi, kuma daga littafin rajista na fitar da sunayen waɗanda ba za su iya gudu da ƙafarsu ba, su 23, kowanne an rubuta wanda zai ɗauke shi. Baba ya ce a cire sunansa shi zai iya, na ce to Baba, ban cire ba.

Abun da ya rage a makon nan, rijiya 3, cike ramukan banɗakin filin ƙwallo kafin yara su koma wasa a wajen, da lasifika 2 in an samu mai bayarwa. Buhunan tufafin nan kuma har yanzu suna nan, mai mota da zai taimaka ya kwashe ya yi min magana.